EMI KARMAIKEL, UWAR 'YA'YAN DONABUR

Labarin wata mace za mu ba ku, wadda ta tafi ƙasar Indiya tana da shekara 27, ta yi shekara 55 a can ba ta koma gida ko sau ɗaya ba, har ta mutu aka binne ta a ƙasar. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, duk da haka sa'ad da ta rasu wajen mutum 900 ne a gidanta, manya da yara, dukansu suna kiranta uwa. Sunanta Emi Karmaikel.

An haife ta ran 16 ga Disamba, 1867, a wani ƙauye na bakin teku mai suna Mil'ail, a arewacin ƙasar Ailan. Ita ce 'yar fari a cikin 'ya'ya 7. Ubanta Dauda da ɗan'uwansa suna da injin niƙan alkama, gidansu kuwa gidan masu tsoron Allah ne, na Ekklesiyar Firesbiteriya. Akwai wani labarin ƙuruciyarta da ita kanta ta kan ba yaranta. Tana da shekara 3, ta ji an ce Allah yana amsa addu'a, sai ta roƙe shi da dare ya sāke mata launin idanunta su zama shuɗɗa kamar na uwarta, gama nata masu ruwan ƙasa ne. Da gari ya waye ta jawo kujera ta hau, ta duba madubi, ta ga idanun suna nan yadda su ke. Ranta ya ɓaci ƙwarai. A ranar ce ta fara koyon cewa a'a ma amsa ce. Bayan shekaru da yawa, sa'ad da ta ke yawo cikin garuruwan Indiya da tufafin matan ƙasar, idanun nan ba su tona mata asiri ba.

Aka sa ta a makarantar kwana a Ingila, a can ne kuma ta ba da gaskiya ga Ubangiji Yesu tana da wajen shekara 15. Ba a daɗe ba ciniki ya lalace wa ubanta, domin garin alkama mai araha ya fara shigowa daga Amurka. Aka fitar da ita daga makaranta, iyalin suka koma birnin Belfas. A shekarar 1885 uban ya rasu, ya bar gwauruwa da yara 7. Emi tana da shekara 17 a lokacin, ita ce ta zama hannun daman uwarta.

Wata ran Lahadi suna dawowa daga sujada, ita da ƙannenta maza 2, ana yayyafi, sai suka ga wata tsohuwa cikin tsummoki tana fama da ƙunshin kaya. Suka karɓi kayan, suka riƙe ta suna tafiya. Ga mutanen ekklesiyarsu suna wucewa cikin kayan ado suna dubansu, kunya ta kama su kamar ƙasa ta tsage su shige. A cikin kunyan nan ne maganar Bulus ta 1 Korintiyawa sura 3 ta faɗo mata a rai, inda ya ke zancen wutar da za ta gwada aikin kowane mutum. Da ta isa gida ta kulle kanta a ɗaki duk yammacin ranar. 'Yan'uwanta sun shaida daga baya cewa tun daga ran nan ta sāke.

Belfas garin masaƙu ne. 'Yammata dubbai suna aiki a cikinsu tun da asuba har dare a bakin kuɗi kaɗan. Ba su da kuɗin sayen hula irin ta matan masu hali, sai su yafa mayafi a ka, har aka yi musu laƙabi da mayafin. Emi ta fara tara su ran Lahadi da safe a zauren ekklesiya. Waɗansu dattawa ba su ji daɗin ganinsu a wurin ba, ga shi kuma suna ta ƙaruwa har zauren ya kāsa musu. Ta ga tallan wani ɗakin kwano mai cin mutum 500, kuɗinsa fam 500. Ba ta bi gidajen attajirai da roƙo ba, ita da 'yammatan suka sa abin a addu'a. Wata mace mai suna Ket Micel ta biya kuɗin duka, wani mai masaƙa ya ba da fili. Aka buɗe ɗakin a watan Janairu 1889. Wannan hanya ta rashin roƙon mutane kuɗi, ita ta riƙe har ƙarshen ranta.

Daga nan ta tafi Mancesta ta yi irin wannan aiki a unguwar matalauta, tana kwana cikin ƙazanta irin tasu, har jikinta ya gaza. Wani dattijo mai suna Robat Wilson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa babban taron ruhaniya na Kezik, ya ɗauke ta zuwa gidansa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ma ta rasu, sai Emi ta zama masa 'ya. Ran 13 ga Janairu, 1892, ta tabbata a ranta Ubangiji yana kiranta zuwa ƙetare. Rabuwa da tsohon nan ya yi mata zafi, mutane da dama kuma suka zarge ta da rashin tausayi. Ta nemi shiga mishan na ƙasar Sin, likitansu ya duba ta ya ce ba ta da lafiyar da za ta iya. A watan Maris 1893 ta shiga jirgin ruwa zuwa Japan, taron Kezik ne ya ɗauki nauyinta, ita ce ta fari da suka aika.

Wata 15 kaɗai ta yi a Japan, amma ta koyi abu guda a can wanda ya bi ta har Indiya. Ta je gai da wata tsohuwa marar lafiya, tana gaya mata bishara ta bakin tafinta, tsohuwar ta kasa kunne sosai. Can sai idonta ya faɗa kan safar hannu mai gashi da Emi ta sa saboda sanyi, hankalinta ya koma kan safar, magana ta watse. Emi ta koma gida ta tuɓe kayan Turawa, ta sa na mutanen ƙasar. Ciwon jijiya mai tsanani ya fitar da ita daga Japan. Ta ɗan zauna a tsibirin Silon, wanda a ke kira Siri Lanka yanzu, sa'an nan ta koma Ingila domin Wilson ya sami shanyewar jiki. Wanda ya dube ta a lokacin zai ce ga wadda ta gwada ta kāsa.

A watan Nuwamba 1895 ta sauka a Indiya a ƙarƙashin wata mishan ta Ekklesiyar Ingila mai aiki a cikin matan kulle. Da isarta Bangalor zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, har waɗansu suka ce ba za ta yi wata 6 ba. Zaman masu mishan a can bai gamshe ta ba. Ta ga suna zaune nesa da mutanen da suka zo dominsu, ta nemi izini ta zauna a ɗakin ƙasa tare da Indiyawa, ba a yarda ba. Allah ya haɗa ta da Tomas Woka, wani malamin mishan na lardin Tinnebeli a can kudu, mutum marar yawan dariya, gwanin harshen Tamil. Shi ya zama malaminta. Ta koma wurinsa da matarsa, ta tara 'yan mata masu bi kaɗan, suna yawo ƙauye ƙauye cikin keken shanu suna wa'azi. A cikinsu akwai Ponnammal, gwauruwa mai ƙuruciya wadda ta sha wuya a gidan surukanta, da Sellamutu wadda hannu ɗaya gare ta, ta rasa ɗayan tun tana yarinya, danginta kuwa suna ganinta marar amfani. Ku riƙe sunayen nan biyu. Ba don irinsu ba da babu labarin da za mu bayar.

Yanzu fa mun zo ga abin da ya juya rayuwarta. A kudancin Indiya a zamanin nan akwai wata tsohuwar al'ada ta miƙa 'yammata ƙanana ga haikalin gumaka. A kan ɗaura wa yarinya zaren aure a wuya, a ce an aurar da ita ga gunkin. Daga nan ba ta da sauran aure. Tsofaffin matan haikali su koya mata rawa da waƙa, in ta balaga kuwa, da yawansu su kan zama abin biyan bukatar maza masu kuɗi da masu iko. Dalilan iyaye iri iri ne. Wani ya yi wa'adi ne sa'ad da ya ke ciwo. Wata mijinta ya mutu ba ta da abin ciyar da 'yar. Wata ta haihu ba aure tana neman rufin asiri. Akwai kuma wanda kuɗi kawai ya gani. Masana tarihi sun nuna cewa waɗansu matan haikali sun mallaki dukiya, su ne kuma suka adana rawa da kiɗan gargajiya na ƙasar. Mun ji wannan. Amma yarinya 'yar shekara 5 ko 7 ba wanda ya tambaye ta ko tana so.

Akwai wata yarinya mai suna Pirina, 'yar shekara 7, a gidan matan haikali na garin Perungulam. Ta taɓa gudu sau ɗaya, ta bi hanya har garin Tutikorin wurin uwarta. Matan haikali suka biyo ta, uwar ta ji tsoron fushin gumaka, ta ɓamɓare hannun 'yar daga wuyanta ta miƙa musu. Da suka komo da ita suka ƙona mata hannuwa da jan ƙarfe domin ta horu. A watan Maris 1901 ta ji ana shirin ɗaura mata aure da gunki, sai ta sāke gudu da magariba, ta haye ruwa zuwa ƙauyen Pannaibilai, ta tsaya a gaban ɗakin sujada. Wata mai bi ta same ta a wurin, ta kwana da ita, da safe ta kai ta wurin Emi. Emi kuwa ba ta daɗe da dawowa ƙauyen ba, ta yi watanni tana wani wuri. Tana zaune a baranda tana shan shayi, yarinyar ta zo kai tsaye ta hau cinyarta. Matan haikali suka zo da taron jama'a suna neman a ba su ita. Pirina ta tsaya a gabansu ta ƙi bin su, suka gaji suka tafi.

Daga bakin yarinyan nan Emi ta ji abubuwan da a ke yi a bayan katangun haikali, abubuwan da suka hana ta barci. Ta tambayi tsofaffin masu mishan, waɗansu suka ce ba su taɓa ji ba, waɗansu suka ce tana zuguguta magana. Ma'aikatan gwamnatin Ingila suka ce sai da shaida, shaida kuwa ba ta samuwa. Shekara 3 ta yi tana bincike, tana sauka a masaukin matafiya, tana zama a cikin masu sayar da furanni a ƙofar haikali, tana kasa kunne. A 1903 ta fitar da wani littafi a kan ainihin halin da aikin bishara ke ciki a kudancin Indiya. Tun da fari an mayar mata da rubutun, wai ya cika sa mutane su karai, a ƙara masa labaran nasara. Ta ƙi sāke ko kalma. Har waɗansu abokan aiki suka yi shawara a mai da ita gida. Mu kam muna gani wannan yana cikin manyan abubuwan da ta yi, gama jarabar mai aikin Ubangiji ce ya rubuta wa masu aiko da kuɗi abin da kunnensu ke so.

A lokacin nan sun riga sun zauna a Donabur, wani ƙaramin ƙauyen Kirista a gindin duwatsu, wajen mil 30 daga inda ƙasar Indiya ta ƙare a teku. Ran 1 ga Maris, 1904, wani fasto ya kawo mata jaririya ta fari da aka ƙwato daga hanyar haikali, kwananta 13 a duniya. Ba da daɗewa ba aka kawo ta biyu, da ta uku. Dukansu 3 suka mutu kafin shekara ta kewayo.

Kada mu yi saurin wuce wannan wuri. Jariri yana bukatar nono, a ƙauyen kuwa ba macen da ta yarda ta shayar da ɗan da ba na danginta ba, gama mutanen Indiya a rarrabe su ke aji aji tun daga haihuwa, har a cikin masu bi wannan rarrabuwa ba ta mutu ba. Madarar gwangwani ta zamanin ba ta karɓi cikin jariran ba. Babu likita a kusa, sai an yi tafiyar yini da kwana a keken shanu. Emi ba ta taɓa goyo ba, matan da ke tare da ita ma yawancinsu haka. Uwarta ta taso daga Ingila ta zo ta taimake ta fiye da shekara guda. Da suka ga mutuwa ta yi yawa suka buɗe gidan reno a Neyyur kusa da asibitin mishan, Ponnammal ta riƙe shi. A can ma atuni ya shiga ya kashe jarirai 10. Masu cewa tun da fari aikin nan ba nufin Allah ba ne suka sami abin faɗi.

Akwai kuma yaƙin da ta yi da zuciyarta. Ita mai wa'azi ce, ana kiranta tarurruka, mutane suna tuba. Yanzu ga ta tana wankin tsummokin jarirai, tana yanke musu farce, tana kwana a zaune da mai kuka. Mutanen Tamil suna da karin magana mai nuna cewa 'ya'ya su kan ɗaure ƙafar uwa, ta kuwa ga gaskiyarsa. Matan ƙungiyarta ma abin ya yi musu nauyi, domin a al'adarsu kwasar kashin ɗan wani aikin ƙasƙantattu ne. Abin da ya kwantar mata da rai shi ne tunawa da Ubangiji sa'ad da ya yi ɗamara da tawul ya wanke ƙafafun almajiransa. Ta bar yawon wa'azi, ta zauna.

Sannu sannu gida ya kafu. Labari ya bazu, fastoci da masu bi a garuruwa masu nisa suka zama idanunta, in sun ji za a miƙa yarinya sai su yi hanzari su riga matan haikali. A 1907 ma'aikaciyar jinya ta fari, Mebel Wed, ta zo daga Ingila. Kafin 1913 yaran sun wuce 100. Ba ta tara su a dogon ɗaki guda kamar bariki ba. Ta gina ƙananan ɗakuna, kowane da 'yan yara kaɗan da mace guda wadda su ke kira yaya, tana kwana tare da su a tabarma. Da ya ke yawancinsu ba a san ranar haihuwarsu ba, sai a ke yi wa kowace yarinya bikin ranar zuwanta, a yi wa ɗakinta ado da furanni, a ba ta 'yar kyauta, ko sabulu ne. Ta koya musu waƙoƙi da ta tsara da kanta, da sunayen itatuwa da tsuntsaye, da iyo a ruwa, da shara da aikin lambu. Muddin yawansu bai fi ƙarfinta ba, ba yarinyar da ta kwanta da dare ba ta sumbace ta ba.

Ba dukan yaran ne suka zo da lafiya ba. Waɗansu an kawo su yunwa ta riga ta cinye su, waɗansu guragu, waɗansu makafi, waɗansu kuwa sai da suka fara girma aka gane hankalinsu ba zai kai na tsaransu ba. Irin waɗannan ba mai nemansu, ko haikali ma ba ya so, gama kyawawa ya ke nema. Emi ba ta mayar da su ba. Daga baya aka sami wani fili a Muppandal, wuri mai iska a hanyar bakin teku, aka yi musu gida a can inda za a lura da su a hankali, kowa ya yi ɗan aikin da ya iya. Yarinyar da aka sani ba za ta yi aure ba, ba za ta ci da kanta ba har abada, wanda ya karɓe ta ya ɗauki kayan da ba ranar saukewa. Ta san haka sa'ad da ta ke karɓarsu.

Shari'a ma ba ta bar ta ta huta ba. Bisa ga doka, iyaye ko dangi suna da iko su zo su karɓi yarinya ko da sun taɓa bayar da ita. A 1909 wata yarinya mai suna Muttammal, 'yar shekara 12, wadda ubanta ya mutu ya bar mata gonaki, ta nemi mafaka a wurinta, domin wani ɗan'uwan uban yana so ya aurar da ita ga wani tsoho a dangi saboda dukiyar. Aka yi ta shari'a har 1911, alƙali ya yanke a mayar da ita. Kafin ranar mayarwa yarinyar ta ɓace. Wata baƙuwa Baturiya ce ta sa mata kayan yaro namiji ta fitar da ita da dare, aka bi da ita hannu hannu har Kolombo, daga can zuwa ƙasar Sin, inda ta yi shekaru a ɓoye. Daga baya ta yi aure, ta komo Donabur. A ƙarshen 1913 kuma aka yi ƙarar Emi da laifin satar wata ƙaramar yarinya mai suna Kohila, laifin da hukuncinsa ɗaurin shekara 7 ne. Ta shirya kayanta na shiga kurkuku. A watan Fabrairu 1914 waya ta zo cewa an kori ƙarar.

A tsakanin waɗannan shekaru ginshiƙanta suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Tomas Woka ya mutu da ciwon kwalara a 1912, uwarta ta rasu a 1913, Ponnammal kuma ciwon daji ya ɗauke ta a 1915 bayan doguwar jinya. Mutane suka ce gidan zai watse. A 1918 sai ga shi ta karɓi yaro namiji na fari, gama ta gano ana sayar da yara maza ga haikali da ƙungiyoyin 'yan wasan kwaikwayo masu yawo. A 1919 gwamnati ta ba ta lambar girma, ta karɓa da ƙyar, ba ta kuwa je bikin ba. A 1925 ta fita daga ƙarƙashin mishan ɗin da ta aiko ta, a 1927 aka yi wa gidan rajista a kan kansa da sunan Zumuntar Donabur.

Da sunanta ya fita ta wurin littattafanta, samari da 'yammata da yawa a Ingila da waɗansu ƙasashe suka riƙa rubuto mata suna so su zo su taimaka. Ba ta yi musu zaƙin baki ba. Ta kan aika musu da tambayoyi masu wuya: ko suna da bashi, ko za su iya zaman kaɗaici, ko za su yi murna da kowane irin aiki aka ba su, ko suna ganin akwai aikin da ya fi ƙarfin girmansu. Wata budurwa ta tambaye ta yadda rayuwar mai mishan ta ke, ta amsa mata a taƙaice cewa zarafi ne na mutuwa. Ba albashi a Donabur. Bature da Ba'indiye tufafi iri ɗaya, aiki ɗaya, ba a sa wani a kan wani saboda launin fata. Abin da ta fi tsoro shi ne mai zuwa da ɗoki, yara su saba da shi, sa'an nan ya gaji ya tafi. Yaron da uwarsa ta riga ta bayar da shi sau ɗaya, in an sāke barinsa, miki ne a kan miki. Masu sha'awar zuwa wata ƙasa su yi 'yan makonni a gidan marayu, ya kamata su auna wannan magana.

Ba za mu ɓoye muku ba, zama da ita ba sauƙi. In ta tabbata abu nufin Allah ne, da wuya wani ya juya ta, wanda ya sāɓa mata kuwa sau da yawa sai ya bar gidan. Wani saurayi mai ilimi ƙwarai, Istifanus Nil, ya zo a 1924, ba su jitu ba, ya fita a shekara ta biye, abin ya bar wa dukansu biyu tabo. Shi ne ya zama bishop na Tinnebeli a 1939. Ta tsare yaranta a bayan katanga saboda tsoron abin da ta ƙwato su daga ciki, ba ta kuma bi tsarin jarrabawar gwamnati a makarantarta ba. Saboda haka waɗansu da suka girma suka fita, sun sha wuya kafin su saba da zaman gari, ba su da takardar neman aiki. Waɗanda suka gāje ta sun gyara wannan.

Ran 24 ga Oktoba, 1931, ta tafi garin Kalakadu duba wani gida da za a buɗe ɗakin magani a ciki. Magariba ta yi, ba ta ga ramin da ma'aikata suka haƙa domin salga ba, ta faɗa ciki. Ƙafarta ta karye, idon sawu ya goce, ƙashin bayanta ya taɓu. Aka ɗauke ta a babbar mota cikin ruwan sama zuwa asibitin Neyyur. Kowa ya zaci 'yan makonni ne za ta tashi. Ba ta ƙara tafiya sosai ba. Kusan shekara 20 ta yi a ɗaki guda, ciwo bai rabu da ita ba dare da rana. Wadda ta yi renon naƙasassu ta zama ɗaya daga cikinsu, 'ya'yan da ta goya su ne suka riƙa juya ta a gado.

Daga gadon nan ta ci gaba da riƙon gidan. Yara suna shigowa ɗaya ɗaya, tana rubuta wa kowa 'yar wasiƙa, har ta rubuta waɗansu ta ajiye a akwati domin a ba masu su bayan mutuwarta. Asibitin da ta daɗe tana addu'a a kansa aka gama gina shi a shekarun 1930, likita Mari Web-Peplo da likita Me Pawel suna duba marasa lafiya na kowane addini. Littattafan da ta rubuta duka sun kai wajen 35, da dama daga cikinsu a kwance ta yi su, ɗaya kuwa musamman domin marasa lafiya, daga mai ciwo zuwa ga masu ciwo. A 1948 ta sāke faɗuwa a ɗakinta, hannun damanta ya daina aiki, sai ta riƙa faɗa ana rubutawa.

Ta rayu har ta ga an hana al'adan nan da doka. A nan wajibi ne mu ba mai haƙƙi haƙƙinsa, gama Indiyawa ne da kansu suka yi wannan yaƙi a majalisa. Likita Mutulakshmi Reddi, wadda uwarta ta fito daga dangin matan haikali, ita ta kai maganar gaban majalisar Madaras a 1930, aka yi ta ja-in-ja, sai a 1947, shekarar da Indiya ta sami mulkin kai, dokar ta tabbata. Doka ba ta kashe abin a rana ɗaya ba, an ci gaba da yinsa a ɓoye a waɗansu wurare, yara masu bukata kuma ba su daina isowa Donabur ba.

Emi Karmaikel ta rasu da asuba ran 18 ga Janairu, 1951, tana da shekara 83. Aka kaɗa ƙararrawar ɗakin addu'a, 'ya'yanta maza suka ɗauke ta, yara suna waƙa, aka kai ta lambun da a ke binne 'yan gidan, inda jariran nan na fari su ke kwance. Ta riga ta hana a kafa mata dutsen kabari. Sai suka sa kaskon dutse na shan ruwan tsuntsaye a wurin, a gindin wata tsamiya, suka rubuta kalma ɗaya a jikinsa da harshen Tamil, ma'anarta uwa. Pirina, yarinyan nan da ta hau cinyarta shekara 50 da suka wuce, tana nan da rai a gidan a ranar. Bayan rasuwarta, sannu a hankali riƙon Zumuntar Donabur ya koma hannun Indiyawa, da yawa daga cikinsu matan da aka kawo gidan suna jarirai.